Sabunta Jikin Jitar Bes da Rini da Man Ƙyalli a Gida

Fenti mai kauri rufa wa katako asiri yake yi. Rini da man ƙyalli kuwa sai dai su tona: duk wani karce, duk mahaɗar da aka liƙa katako biyu da gam, duk cikon da masana'anta ta yi ta bi da baƙin fenti ta lulluɓe, sai ya fito fili. Don haka kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya, fara sanin abin da ke kwance ƙarƙashin fentin jitarka.

Kwance wuyan ka leƙa gurbin da yake zama, ka kuma leƙa ramukan da maganaɗisun ɗaukar sauti suke. A nan ne galibi ake ganin katako tsirara. In ka ga layi-layi sirara a jere kamar gefen littafi, filawud ne, kuma babu rinin da zai sa gefensa ya yi kyan gani. Ko dai a bar kaza cikin gashinta, ko a yi mata fenti mai rufewa. In katako ne na gaske, ƙirga guda nawa aka haɗa. Biyu ko uku ba laifi. Jitoci masu araha sukan kai guda biyar ko fiye, launinsu bai zo ɗaya ba, wani lokaci ma da ɓawon katako siriri a manne a fuska, wanda samfefa kan huda shi cikin minti guda. Ita kuma tsohuwar jita ƙirar kamfanin Fender ta kafin 1965, shekarar da kamfanin CBS ya saye Fender, ko kusa kada ka taɓa fentinta. Komai tsufansa da ɓarewarsa, shi ne kuɗinta.

Irin katakon shi ke tsara maka aikin. Ash da mahogani, wanda dangin maɗacinmu ne, suna da ƙananan ƙofofi a buɗe da sai an cike su kafin fuska ta yi sumul, amma suna karɓar rini da kyau, zanensu ya fito raɗau. Alda ba ya bukatar ciko. Tun 1956 Fender ta mayar da yawancin jitocinta kan alda, ta bar ash ga masu launin da ake hango katako ta cikinsa. Sai dai alda da fofla da baswud suna da hali guda: wani wuri ya sha rini da yawa, wani ya sha kaɗan, aiki ya fito dabbare-dabbare. Akwai dabarar hana wannan, za mu zo kanta.

Kwancewa da tuɓe tsohon fenti

Ɗauki hoton wayoyin ciki da wayarka ta kusurwa biyu ko uku kafin ka narka dalma ko ɗaya. Sassauta tsirkiyoyi ka cire, sannan sukurori huɗu da farantin ƙarfen da ke riƙe wuya. In ka tarar da wata 'yar takarda ko roba siririya a gurbin wuyan, kada ka jefar, ka kuma lura da inda take zaune. Ita ke daidaita karkatar wuya. Ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa akwai wata waya tsirara da ta fito daga rami ta kwanta a kan katako. Wannan ita ce ke kashe gurnanin lantarki, kuma ita aka fi mantawa wajen mayarwa. Kowane rukunin sukurori a leda daban, da suna a jiki.

Yanzu gwada fentin. Jiƙa auduga da asiton, ko ruwan goge jan farce mai asiton, ka ɗora a wurin da farantin wuya ke rufewa na rabin minti. In ya yi laushi yana danƙo, naitiro ne, wato man ƙyallin nitrocellulose, tina da tsumma ma za su wanke shi. In ko gezau bai yi ba, to foliyesta ne ko foliyuretan, kuma shi ne a kan kusan duk jitar da aka ƙera da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1960. Wannan sulke ne. Yawancin ruwan cire fenti na kasuwa ba ya yi masa komai, samfefa kuma sai ta cinye maka yini biyu. Abin da ke aiki shi ne na'urar hura zafi da makankari mai faɗi wanda aka dakushe kusurwoyinsa. Riƙe na'urar kamar santimita 10 daga jiki, kana kaɗa ta a kan wuri mai faɗin tafin hannu, har fentin ya fara tsagewa yana tsalle, sai ka zura makankarin a kwance. Kada ka tsaya wuri guda. Ƙuna tana shiga katako da zurfi fiye da yadda ido ke gani, rini kuma ba ya rufe ta. Zafin da ya yi yawa yana iya buɗe mahaɗar gam. A waje za a yi wannan, da tabarau, don ɓarɓashin yana tashi da zafinsa.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Launi ya tafi, an ga abu mai kama da katako, sai a ɗauka an gama. Alhali ƙarƙashin launin akwai wani shafi garai-garai mai tauri da masana'anta ta fara sa wa, wanda ya jiƙa cikin fatar katakon. Muddin yana nan, rini zai zame a kansa kamar ruwa a bayan agwagwa. Alamar ita ce garin da samfefa ke fitarwa: in fari ne sol kamar alli, mai warin roba, kana kan shafin, in ya koma launin katako da ƙamshinsa, ka iso. Tabbatarwa kuma a shafa jiƙaƙƙen tsumma. Inda ruwa ya shiga, wurin zai yi duhu nan take. Inda ya tsaya da haske, zagaye shi da fensir ka koma kansa. Cikin ƙahoni biyu da kwarin ƙugu nan ne ragowar ta fi maƙalewa.

Samfefa

Fara da lamba 120, ko 80 in shafin ya yi taurin kai, sannan 150, 180, ka tsaya a 220. Kada ka tsallake lamba, domin aikin kowace shi ne goge sawun wadda ta gabace ta. A fuska da baya, naɗe takardar a jikin katako mai shafaffen ciki. Yatsu kaɗai suna haƙa kwari wanda ba za ka gani ba sai ƙyalli ya hau. A gefuna masu lanƙwasa, guntun tsohon silifas ya fi komai bin siffa. Kullum bi tsawon jijiyar katako. Karce ɗaya da ya gitta ta zai sha rini ya zama baƙin layi. Yi zane-zane da fensir a duk fuskar kafin kowace lamba, in zanen ya ɓace gaba ɗaya ka wuce gaba. Sai a kiyaye bakin gurbin wuya: in ka ci shi da samfefa, wuya zai riƙa rawa a ciki, kuma wannan ɓarna ce da launi ba ya gyarawa. Rufe gurbin da tef ɗin takarda tun yanzu.

Loɓawar da bugu ya jawo, in jijiyar ba ta yanke ba, tana tasowa da tururi. Ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ka danna da bakin ƙarfen narka dalma na 'yan daƙiƙu, ka maimaita sau uku ko huɗu. Ciko na kanti kuwa kusan bai taɓa shan rini daidai da katako ba, don haka ƙaramin rami gara a bar shi a cike da ɗigon man ƙyalli daga baya.

In rinin ruwa za ka sa, shafa tsumma mai ɗanshi a duk jikin, ka bari ya bushe. Za ka ji ya yi gashi-gashi a hannu. Bi shi da 320 sau ɗaya ko biyu, a hankali, gashin kawai za a aske. In ba a yi haka ba, rinin ne zai tayar da gashin, kuma a lokacin ba damar gogewa sai launi ya tafi. Kakkaɓe ƙurar, ka ɗaura guntun katako mai tsawon kamu biyu a gurbin wuya da sukurori biyu. Shi ne mariƙi, shi ne kuma abin ratayewa. Daga nan hannu tsirara ya daina taɓa jikin, saboda maiƙon yatsa yana barin tambari.

Rini

Abin da ake sayarwa da sunan launin katako iri biyu ne. Akwai rini na gaske wanda ke narkewa cikin ruwa ko sifirit ya shige jijiya, akwai kuma mai garin launi a cikin mai, wanda ke kwanciya a ƙofofi da karce. Na jita, rini ya fi: launinsa yana da zurfi kuma ba ya dushe zanen katako. Na ruwa ya fi sauƙin sarrafawa, don yana ba ka lokaci. Na sifirit yana bushewa kafin ka dawo layi na biyu, musamman da zafi, sai ya bar sawun haɗuwa. Mai garin launi a cikin mai kuma, in shi kaɗai ka samu, a ba shi aƙalla kwana uku ya bushe, sannan a raba shi da man ƙyalli da shafin shalak, wani ƙaro da ake narkarwa a sifirit, in ba haka ba tinar da ke cikin man za ta tayar da shi ya yamutse.

Ma'aunin garin rini da aka saba shi ne kamar giram 28 a lita guda. Jikin bes ba zai sha ko kwatan lita ba, don haka giram 7 a mililita 250 na ruwan zafi ya isa har da saura. Bari ya huce, ka tace da ƙyalle, domin ƙwayar da ba ta narke ba tana fashewa a kan katako ta bar ɗigo mai duhu. Rubuta ma'aunin a jikin kwalbar. Gara ka tsinka shi ka yi shafi uku da ka yi kauri ka yi ɗaya, don ƙara duhu abu ne mai sauƙi, ragewa ce wahala.

Gwaji dole ne, kuma gwajin sai ya kai har man ƙyalli. Rini in ya bushe yakan yi fari-fari, ya dushe kamar an yi asara, sai mutum ya tsorata ya ƙara, daga baya mai ya hau launi ya yi duhun da ba a so. Launin da kake gani lokacin da katakon ke jiƙe shi ne kusan abin da za ka samu a ƙarshe. In babu guntun katako iri ɗaya, yi gwajin a wurin da farantin fuska zai rufe.

Kan yanka, wato gindin jita da ƙarshen ƙahoni da cikin ƙugu, yana zuƙar rini kamar soso, ya fi fuska duhu nesa ba kusa ba. Jiƙa waɗannan wurare da ruwa zalla kafin rini ya iso su, ko ka goge su har 320 tun farko. Maganin dabbare-dabbaren alda da fofla kuwa shalak ne tsararo, marar kakin zuma a ciki, kamar giram 6 a mililita 100 na sifirit. Shafi ɗaya, ya bushe awa biyu, a bi da 320 sama-sama. Wuraren da ke da ƙishirwa za su sha shalak ɗin su ƙoshi, rini ya hau daidai. Launin zai ɗan yi haske, sai a ƙara shafi.

Sa safar hannu, ka dunƙule tsumman auduga, ka fara da baya don hannu ya saba. Yi sauri, kada bakin shafin ya bushe kafin ka haɗa shi da na gaba, sannan ka bi da busasshen tsumma ka kwashe rarar. In wuri ya yi duhu, tsumma mai ruwa zalla zai ja launin baya. A kan ash akwai wata dabara mai kyau: a fara da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ya bushe, a goge da 220 har ya rage a cikin jijiya kawai, sannan a sa ja ko ruwan zuma a kai. Bar shi ya kwana.

Rufe launi da cike ƙofofi

Shafin farko a kan rini fesawa ake yi, ba a sa buroshi, don buroshi yana jan launi. Shafi biyu marasa nauyi na sila, wato man share fage da ake sawa kafin man ƙyalli, ko shalak, kamar hazo, minti 30 tsakani. Kafintoci suna son lafta sila saboda tana da daɗin gogewa, amma laushin nan nata shi ne illarta: in ta yi kauri a ƙarƙashin mai mai tauri, bugu kaɗan sai wurin ya yi fari ko ya tsage. Biyu zuwa uku sun wadatar.

Mai alda ya tsallake wannan sakin. Mai ash ko mahogani, cusa abin cike ƙofofi da tsohon katin waya ko na banki, kana gitta jijiya, ka kankare rarar tun bai ƙanƙame ba. Yana shanyewa in ya bushe, don haka sau biyu ake yi, wani ash ɗin har uku. Na ruwa kan bushe cikin 'yan awoyi, na mai yana son kwana uku zuwa biyar. In an yi gaggawa a nan, aikin zai fito sumul, bayan wata biyu kuma ƙofofin su dawo kamar an tsattsaga da allura. Wanda ke son jin jijiyar katako a hannu yana iya barin cikon gaba ɗaya ya yi ƙarewa marar ƙyalli sosai, kuma ga aikin farko wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Feshi

Man ƙyallin da ake nufi shi ne wanda aka rubuta nitrocellulose lacquer a gwangwaninsa. Falalarsa ga mai aiki a gida ita ce kowane sabon shafi yana narkar da na ƙasa su zama abu guda, shi ya sa kuskure ke gyaruwa. Na akirilik irin na masu fentin mota shi ma yana yi, amma kada a gauraya iri biyu a jiki ɗaya. Mai haɗi biyu da ake kira 2K yana da sinadarin da ke lalata huhu, ba na tsakar gida ba ne. Naitiron ma ba abin wasa ba ne. Takunkumin ƙura bai tare tururinsa, sai mai gwangwanayen gawayi. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta inda take, saboda haka nesa da murhu, risho, janareta, maganin sauro mai hayaƙi da mai shan taba. Tsumman da ya sha launi ko ciko na mai a shanya shi a buɗe a waje, kada a dunƙule a kwandon shara, yana iya kamawa da kansa.

Gwangwani uku zuwa huɗu masu mililita 400 suna isar jikin bes. Girgiza kowanne minti biyu cur. Tazara santimita 20 zuwa 25, hannu yana tafiya a miƙe ba lilo ba, a fara fesawa kafin a shiga jiki, a saki bayan an fita, kowane layi ya hau rabin na baya. Gefuna da cikin ƙahoni da farko, sannan fuska da baya. Shafi uku a yini, awa ɗaya zuwa biyu tsakani, jimilla 10 zuwa 12. Da bindigar feshi mai baki 1.3 ko 1.4, a tsinka da tina kusan rabi da rabi, shafi 6 zuwa 8 sun isa. Duk wannan in ya bushe kaurinsa bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba, abin da ya kamata mutum ya tuna ke nan ranar da ya ɗauki samfefa.

Yanayi ya fi gwaninta tasiri. Abin da man ke so shi ne zafi tsakanin digiri 18 da 27, da laimar iska ƙasa da kashi 65 cikin ɗari. Da damina, tina tana ƙafewa da sauri ta sanyaya fuskar, raɓa ta sauka ta maƙale a ciki, sai ka ga aikin ya yi hazo fari kamar an shafa madara. Sau da yawa shafi na gaba a busasshiyar rana yana sake narkar da shi ya saki ruwan. In da bindiga kake, ɗan maganin jinkirta bushewa a cikin haɗin yana hanawa. Da bazara akasin haka ne: feshin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya zuba kamar yashi, ko ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. A yi da sassafe, a ɗan matso kusa, a rage saurin hannu. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Yayyafa ruwa a ƙasa, ka kewaye wurin da leda, bayan minti goma da fesawa ka mayar da jikin cikin ɗaki marar zirga-zirga. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙura, nan ne lokacin da ya fi dacewa. Rana kai tsaye kuwa a kowane lokaci haramiyar wannan aiki ce, tana fitar da iska daga katako ta cika fuskar da ƙuraje.

In mai ya zubo ya yi hawaye, kada ka taɓa. Bar shi kwana biyu ya yi tauri, ka naɗe gefuna biyu na reza da tef ka bar tsakiya, ka kankare tudun har ya yi daidai. In kuma ka ga ƙananan ramuka zagayayyu da man ke gudu daga tsakiyarsu kamar idon kifi, silikon ne, yawanci daga man goge kujeru ko na mota da aka taɓa shafa wa jitar. Ƙarin feshi ba ya rufe su. Sai a goge wurin, a sa shalak ya raba, a ci gaba da shafi marasa nauyi.

In da gwangwani kake, bayan shafi na shida huta kwana ɗaya, ka goge da 400 a bushe da katakon nan mai shafaffen ciki. Wurin da ya dushe ya daidaita. Ɗigon da ya rage yana ƙyalli kwari ne. Kada ka bi shi da ƙarfi. Ɗiga masa mai da tsinken sakace, ka ci gaba da sauran shafin. Uku na ƙarshe a yi su jiƙe sosai, kuma ba a goge su.

Jira, sannan gogewa

Rataye shi mako uku zuwa huɗu a inuwa mai iska. Naitiro ba ya gama bushewa sai tinar ciki ta fita duka, kuma yana ci gaba da shanyewa a tsawon lokacin. Sa hanci a ramin maganaɗisu: in har kana jin wari, da saura. Ko danna farce a inda farantin wuya zai rufe. In ya bar sawu, ƙara mako. Sauri ya haifi nawa, don wanda ya goge da wuri zai ga ƙyallin ya dushe cikin kwanaki.

Toshe ramukan sukurori da kakin kyandir kafin ruwa ya matso. Ruwa in ya shiga rami, katako ya kumbura, sai man ya tsage a kewaye kamar tauraro, aikin wata guda ya lalace a minti biyar. Jiƙa samfefar ruwa ta kwana, ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan a kwanon. Fara da 800 har duk ƙyalli ya mutu, sannan 1000, 1200, 1500, 2000, kana sauya alkibla a kowace lamba don ka gane ko sawun baya ya tafi. Idonka a kan ruwan da ke fita. Fari kamar nono, kana cikin mai. Da ka ga ya ɗauki ja ko ruwan ƙasa, tsaya, ka huda zuwa rini. Gyaran shi ne a taɓa wurin da ragowar rinin nan na kwalba da ɗan buroshi, a sake feshi, a sake jira. Gefuna ne suka fi hudewa domin mai ba ya taruwa a kan kaifi, don haka a can fara daga 1200, da hannu marar nauyi.

Man goge fentin mota marar silikon, mai kaushi sannan mai laushi, kowanne da tsummansa na tsohuwar singiletin auduga. Da hannu zai ci awa biyu ko uku. Da inji a bi a hankali, zafi yana narkar da naitiro ya naɗe shi.

Wajen mayarwa, share bakin kowane rami da bakin abin huda kana murzawa da yatsu, don kada sukuru ya ɓalle man da ya taru a wurin. Goga wa sukurori kyandir. Yanka gefen tef ɗin gurbin wuya da reza kafin ka ɓare, in wuyan ya ƙi shiga kuma kankare man da ke bangon gurbin, kada ka danna. Mayar da 'yar takardar nan inda take, ka baza bakin wayar ƙarƙashin jaki yadda za ta taɓa ƙarfe sosai. Tsayin tsirkiya a mataki na 17, wato ƙarfe na 17 cikin waɗanda ke gitte a wuya, bisa ma'aunin Fender, kamar milimita 2.4 ne a ɓangaren mai kauri da 2 a ɓangaren siririya. A watannin farko kada ka rufe jitar a jaka na dogon lokaci, kuma naɗe robar abin jingina ta da ƙyallen auduga, domin roba da leda suna cin naitiro su bar tabo mai danƙo daidai inda suka taɓa.